Gwiwar Zalɓe

Tun da kakar wasa ta kai rabi, gidajen rediyon garin ba su da aiki sai muhawara a kan mutum ɗaya: a kori Koci ko a bar shi. Ƙungiyar ƙwallon kwandon da yake horarwa ta zama abin tausayi, duk wanda ya zo sai ya lallasa ta ya yi gaba. Wasu suka ce dabarun Koci sun tsufa, 'yan wasa sun daina jin maganarsa, a sallame shi tun kafin ya kai su gindin teburi. Wasu suka ce korar koci a tsakiyar kaka ba ta taɓa sa ƙwallo a kwando ba, wanda za a kawo kafin ya haddace sunayen yaran an gama kakar. Ciyaman, mai ƙungiyar, ya ƙi cewa uffan, kuma shirun nan nasa ya fi zagin magoya baya hana Koci sakat.

A gidan Koci kuwa ba muhawara ake yi ba, tsoro ake ji. Gidan na ƙungiya ne, can saman wani bene, motar da ke ƙasa ma ta ƙungiya ce. Mama ta daina kunna rediyo, yara sun koyi tafiya da sanɗa in an sha kashi. Abin da ya rage wa gidan da ƙungiyar gaba ɗaya shi ne Zalɓe, babban ɗan Koci, wanda tsawon ƙafa ya jawo wa wannan suna. Rabin makin da suke samu daga hannunsa yake fitowa.

Wata rana a wurin atisaye Zalɓe ya yi tsalle ya cafe ƙwallo a bakin kwando, ya dire da ƙafar dama, sai ya ji wani abu ya ce ƙas a cikin gwiwar. Ya cije ya ƙarasa. Kafin su iso gida gwiwar ta haye kamar kwaɓin fulawa, da ƙyar ya hau benen yana dafa bango. Ana cin abinci ya ce da safe zai nuna wa likitan ƙungiya.

Koci ya ajiye cokali. "Ba inda za ka."

Ya yi masa bayani a tsanake, irin bayanin da yake yi wa 'yan wasa a gaban allo. Likita ba ya wasa da gwiwa, yana gani zai zaunar da shi a benci. In ba ya cikin fili ranar Asabar an gama da su, kuma in an gama da su ranar Asabar, ran Litinin za a zo karɓar makullin gidan nan. Mama ta sunkuyar da kai tana juya abinci a faranti.

"Asabar ɗin nan kawai nake roƙonka," in ji Koci. "Daga ita ni da kaina zan kai ka asibiti."

Aka kira Gwaggo, yayar Koci, tsohuwar nas da ta bar aiki amma ba ta bar jakarta ba. Ta sa aka share teburin cin abinci, Zalɓe ya miƙe ƙafa a kai. Ta soka sirinji ta zuƙo ruwan da ya taru. Ruwan ya fito jajur da jini. Gwaggo ta ɗaga shi ta duba a hasken taga, ta dubi ƙaninta, shi kuma ya kau da kai. Sai ta zubar a kicin, ta dawo tana cewa tsami ne kawai, 'yan zamani ne ba su da juriya. Ranar wasa kuma Gwaggo ta zo da allurar kashe zafi ta ɗirka masa.

Saura yadda za a ɓoye wa likita, don a ƙa'ida kafin kowane wasa shi yake ɗaure wa 'yan wasa ƙafa da bandeji a ɗakinsa. Nan Koci ya nuna ba a banza ya tsufa a sana'ar ba. Ya san 'yan ƙwallo da camfi: wani ba ya wanke safarsa in an ci wasa, wani sai da ƙafar hagu yake shiga fili, kuma ba mai tambayar dalili. Sai ya shiga ɗakin sa kaya yana dariya, ya ce ku ji sabon salo, wai ɗansa ya ce daga yau uwarsa ce kaɗai za ta riƙa ɗaure masa ƙafa, hannunta da sa'a. Ɗakin ya kaure da shewa. Aka sa wa Zalɓe suna ɗan Mama, wani ya tambaye shi ko har yanzu ita take masa wanka. Likita ma ya yi dariya ya ƙyale. Zalɓe ya zauna da doguwar safa baƙa har cinya, yana murmushin dole.

Suka ci wasan. Ni a ganina, duk abin da ya sami yaron nan babu mafi muni kamar wannan nasara. Da sun sha kashi, da an kori uban, an kai ɗan asibiti, kowa ya huta. Amma suka ci, Zalɓe ya zuba maki kamar ba shi ba, rediyo ta ce Koci ya farfaɗo. A gida aka yi ta murna, Gwaggo tana bugun ƙirji tana cewa ai ita ce ta ci wasan. Zalɓe yana ɗaki, allura ta sake shi, ya cusa filo a baki don kada ƙannensa su ji.

Da safe ya tuna wa uban alƙawarin asibiti. Koci ya ce yanzu da abu ya fara kyau? Ya bari a wuce Asabar mai zuwa. Daga nan Asabar ta zama Asabar da ba ta ƙarewa.

Gwiwar ta daina saɓewa. Firijin gidan ya koma na ƙanƙara, Mama tana ɗaura masa safe da yamma. Hawa bene ya zama masa aiki, sai ya zauna a matakala ya huta, in ya ji tafiyar maƙwabta ya ciro waya ya yi kamar ita yake dubawa. Ya kasa durƙuso, sai a kan kujera yake salla. Da Koci ya lura, ya hana shi zuwa masallaci, don kada wani mai ido ya ga ɗan wasa yana salla a zaune ya kai wa 'yan jarida. Ya ce Allah yana ko'ina, ya yi a ɗaki.

Allura ɗaya ta daina kai shi ƙarshen wasa. Aka ƙirƙiro wani camfin: wai a hutun rabin lokaci sai ya fita ya gaida mahaifiyarsa. Mama da Gwaggo suna cikin mota a bayan ɗakin wasa, gilashi a rufe. Ya shiga kujerar baya ya miƙe ƙafa a cinyar uwar, Gwaggo ta ja safa ƙasa ta nemi wurin da bai riga ya huje ba. Abokan wasansa suka ce wannan ɗan Mama ya wuce misali.

Duk da haka nasara ba ta zauna ba. A ci yau, a sha kashi gobe da jibi. Zalɓe ya daina tsalle kamar da, kowane ƙaramin yaro sai ya wuce shi. Magoya bayan da suka ɗauke shi a kafaɗa suka koma cewa ya ƙoshi, ya san ubansa ba zai ajiye shi ba shi ya sa yake yanga. Wannan magana ta soki Koci, don ba abin da ya tsana kamar a ce yana son kai. Sai ya zama a wurin atisaye Zalɓe ya fi kowa shan faɗa. In ya makara wajen komawa tsaro, Koci ya busa usur ya tsayar da kowa, ya sa shi gudu daga wannan kwando zuwa wancan har sai ya ce ya isa. A gaban yara yake kiransa malalaci. A mota kuma in za su gida ya ce ya yi haƙuri, dole ce, in bai yi haka ba za su gane.

Zalɓe ya bi mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Ya sami Mama a kicin ya ce mata ƙafar nan fa ta fara zamewa, wani lokaci yana tsaye sai ya ji kamar ba a jikinsa take ba. Mama ta yi kuka, kukan gaske. Ta ce ita mace ce, me ta sani a kan ƙwallo? Ubansa ya buga kafin a haife shi, ya fi kowa sanin ciwon da ake wasa da shi. Ta ce ya dubi ƙannensa, in aka watso musu kaya waje ina za ta nufa da su a tsakiyar zangon karatu. Ta share hawaye ta ɗauko masa ƙanƙara.

Gwaggo ta ce ita taimako take yi, ko sisi ba ta karɓa. In ta janye hannu, uban zai nemo wani ɗan tasha da bai san jijiya ba ya illata shi. Gara ita, jininsa ce. Koci kuwa ya ce duk wanda ya gani a fili da ciwo yake wasa, wanda ya ce lafiyarsa ƙalau maƙaryaci ne. Ya nuna masa yatsunsa da suka karkace, ya ce shi wa ya kai shi asibiti?

Sau ɗaya likita ya tsayar da Zalɓe a baranda, ya ce tafiyar nan tasa ba ta yi masa ba, ya shigo ya duba shi. Zalɓe ya buɗe baki, sai ga Koci ya ɓullo ya dafa kafaɗar likitan. Ya ce haba likita, ai tun yana yaro haka yake tafiya, kamar wanda ake bi bashin ƙafa, gadon dangin uwarsa ne. Suka yi dariya. Zalɓe ya rufe bakinsa ya bi uban.

Ranar da abin ya faru ba wanda ya taɓa shi. An dawo daga hutun rabin lokaci, allura ta biyu tana aiki. Ya karɓi ƙwallo ya juya zai wuce mai tsaronsa, jikin ya juya, ƙafar ta tsaya. Ya faɗi. Bai ji zafi ba ko kaɗan, shi ya sa ya dafa ƙasa zai miƙe. Daga gefen fili Koci yana daka masa tsawa ya tashi. Sai Zalɓe ya ga yaron da ke tsaronsa ya ja da baya ya rufe fuska da riga, ya ga alƙalin wasa yana ɗaga hannu yana kiran likita. Ya duba ƙasa. Daga gwiwa zuwa ƙasa ƙafar ta kalli wani wuri dabam.

A asibiti aka yanke safar da almakashi. Likitan ƙungiya ya tsaya yana kallon fatar gwiwar, ta yi huji-huji kamar rariya. Da hoto ya fito, likitan ƙashi ya ce wannan ba ciwon yau ba ne. Jijiyar ta daɗe da tsinkewa, kuma da an zo tun farko aiki ne da ake yi kullum, ya huta ya koma fili. Amma an yi ta gudu a kai har guringuntsin ya cinye, ƙashi yana gugar ƙashi. Za a yi ƙoƙari ya taka. Maganar ƙwallo kuwa ya cire ta a ransa.

Zalɓe ya juya fuska bango. Bai yi kuka ba a lokacin, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka.

Likitan ƙungiya ya kai wa Ciyaman rahoto, kuma dokar a fili take. Ɗan wasan da ya ɓoye rauni ya je aka yi masa allura a waje ya karya yarjejeniya, ƙungiya ba ta da alhakin jinyarsa. In kuwa koci ne ya sa shi, to laifin ya koma kan koci da ƙungiya: a kula da yaron har ya warke, shi kuma kocin a hana shi sana'ar har abada. Ciyaman ya aiko cewa zai zo gida dubiya, kuma yana so ya ji daga bakin yaron.

Abokan wasansa ne suka ɗauko shi suka hau da shi benen. Suna fita aka rufe ƙofa, gida ya taru a kansa. Gwaggo ta ce in sunanta ya fito ɗaure ta za a yi, da tsufanta, ita da ta yi don Allah. Mama ta durƙusa a gaban gadon ta kama ƙafarsa mai lafiya. Ta ce abin da ya faru ya riga ya faru, tonawa ba za ta dawo da gwiwa ba, sai dai a rasa biyu. In uban yana da aiki, ai shi zai yi jinyarsa. Koci bai roƙe shi ba. Yana tsaye a bakin ƙofa ya harɗe hannu, ya ce shi bai taɓa danne kowa aka yi masa allura ba, da ƙafarsa yake zuwa mota.

Ciyaman ya zo da la'asar, da kwandon 'ya'yan itace. Aka fito da Zalɓe falo aka ɗora ƙafar a kan teburi. Bayan gaisuwa da jaje, Ciyaman ya gyara zama ya ce shi ba ya son dogon zance.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Mahaifinka ya san da ciwon nan?"

Mama tana tsaye da tiren shayi. Zalɓe ya dubi uban. Koci yana kallon silin.

"Bai sani ba, Yallaɓai."

"Allurar fa?"

"Wani na samu a waje. Ni na kai kaina."

Ciyaman ya girgiza kai. Ya ce yanzu ya gane abin da ya dami ƙungiyarsa. An yi ta zagin bawan Allah ana cewa a kore shi, ashe maimakon mutum biyar da huɗu da rabi yake wasa bai sani ba. Wane koci ne zai ci wasa alhali babban ɗan wasansa yana yaudararsa? Ya ce dama shi bai yarda da kora a tsakiyar kaka ba, ga shi Allah ya nuna masa gaskiya. Koci zai ci gaba da aikinsa, za a kawo masa sabon ɗan wasa. Shi kuma Zalɓe, don darajar ubansa ba za a kai shi gaba ba, za a soke yarjejeniyarsa kawai. Koci ya raka Ciyaman har mota yana godiya.

Washegari Koci ya yi hira a rediyo. Ya ce a matsayinsa na uba zuciyarsa ta karye, amma a fili ba shi da ɗa, doka doka ce. Masu kira suka yi ta yaba masa, suka ce irin wannan riƙon gaskiya ya yi ƙaranci. Wani ya ce yaron ya ci amanar gari, wani ya ce kwaɗayi ne ya kai shi. Waɗanda suka yi ta cewa a kori Koci suka bugo suna neman afuwa.

Aikin da aka yi wa gwiwar na rufin asiri ne, a ƙaramin asibiti, don babban sai da hannun ƙungiya. Gashin ƙafa da motsa ta da aka ce a riƙa kai shi, aka je aka je aka daina, saboda mota tana wurin atisaye kuma ba mai iya sauko da shi daga bene. Ƙafar ta ƙanƙance ta sandare. Yana ɗaki da sanduna biyu, daga gado sai taga. Abokan wasa suka ɗauke ƙafa, don sun ce ya sa su gudun banza rabin kaka. Koci yana wucewa ta ƙofar ɗakin da safe ya ce ya jiki, kafin a amsa ya kai matakala.

'Yan dubiya kuwa ba su yanke ba, kuma kowa ya zo sai an ba shi labari. Da fari Mama tana faɗa tana sunkuyar da kai. Ta ce yaron nan zurfin ciki ne da shi, gida ɗaya suke amma ko alama. Gwaggo ta karɓe ta ce abin da ya fi ƙona mata rai, ga ta nas a gida, ya tsallake ta ya je wurin 'yan tasha. Baƙi su yi salati, su juyo su yi wa Zalɓe nasiha a kan biyayya ga iyaye. Shi dai ya ce to. A hankali Mama ta daina sunkuyar da kai. Labarin ya yi santsi a bakinta, har da ƙarin yadda ta taɓa tambayarsa ya ce mata ba komai. Ƙannensa ma, da suka sha ɗauko ƙanƙara daga firiji da hannunsu, suka fara cewa Yaya ne ya ja wa kansa.

Mutanen gidan nan ba su taɓa zama sun ce sun cuce shi ba, kuma ba za su zauna ba. Suna cin abincinsu, suna kallon wasa ran Asabar, in an ci su yi shewa har ta iso ɗakinsa. Ƙungiyar ba ta hau sama ba, ba ta kuma faɗi ba, ta tsaya inda take a da. Abin da aka saya da ƙafar mutum ke nan.

Wata rana da hantsi Mama ta shigo da man zafi. Ta zauna a bakin gado ta ɗora ƙafar a cinyarta tana shafawa a hankali. Ta daɗe tana kallon tabon, da yadda cinyar ta koma kamar ta yaro. Hawaye ya zubo mata.

"Kai ma dai," ta ce. "Me ya sa ka ɓoye mana? Da ka faɗa, ai da ba a kai ga haka ba."

Zalɓe ya ɗaga kai ya duba bakin ƙofa, ya ga wane baƙo ne ya shigo bai ji sallamarsa ba. Ƙofar a rufe take. Daga shi sai ita a ɗakin.